Tsohon da ke Nuna wa Doka Yatsa

Daga rumfarta ta sayar da shinkafar guzuri a tashar jirgin ƙasa ta Osaka, Fumie tana kallon wani tsoho a kan benci. Siriri ne, kansa fari fat, ya ɗora ƙaton littafi a cinya, gefen shafukan ya yi baƙi saboda shafa. Kundin dokokin harshen C ne, wanda ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi. Wata mata, da gani abokiyar aikinsa ce, tana tsaye a kansa ta haɗe rai.

"Haba Kuwabara-san! Ka ari aiki, wato shiryayyen umarni, daga rumbun harshen, ba ka ɗora fayil ɗin gabatarwarsa a sama ba. In doka ta hana, aikin wata uku za mu warware."

Ko kallonta bai yi ba, yana ta buɗe shafi. Can sai ya miƙe ƙyam, ya nuna wani layi da ɗan'ali, ya ɗaga murya kamar direban da ya hango koriyar fitila.

"An halatta, muddin ka bayyana aikin da kanka ba tare da ka jingina da fayil ɗin ba. Daidai!"

Matar ta rufe baki tana ƙyaƙyatawa. Fumie, da kullum take ganin ma'aikatan jirgi suna nuna alama da yatsa su ce "Daidai!" don tabbatarwa, ta ce a ranta, wannan dai ya taɓa tuƙa jirgi, hannun bai manta ba.

Can bakin dandamali, wani ma'aikaci mai farar safar hannu, wanda bai ma san zancen ba, ya ɗaga yatsa ya amsa, "Daidai!"