Garmar da Yayana Ya Ɗora a Sikeli

Har yau idan na ga jan fenti a jikin kayan noma raina sai ya ɓaci, kuma yayana ne ya ja mini wannan. Mutum ne da bai taɓa kama sitiyarin tarakta ba, aikinsa zaman ofis a Minna, amma da Baba ya rasu sai ya wayi gari ya fi kowa sanin noma, don kawai shi ne babba.

Garmar da Baba ya bar mana mai faifai uku ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ba ta da kyan gani. Tsatsa ta cinye fentinta, ko'ina tabon walda. Amma Baba ya san asalinta, kuma ranar da ya fara koya mini tuƙi sai da ya zaunar da ni ya ba ni labarinta kafin ya bar ni na taɓa makulli. Ya ce garmar farko da aka ɗaura wa tarakta mai kunne ce, irin ta shanu, ƙara mata girma kawai aka yi. A ƙasar da aka daɗe da tumɓuke itatuwa aka ƙera ta, shi ya sa bakinta yake da tsini, yana shiga ƙasa ya tafi sambal. Da aka kai ta wuraren da ƙasa ke da tauri da saiwa sai ta riƙa maƙalewa tana karyewa. Daga nan ne maƙera suka fito da faifai mai juyawa, wanda in ya ci karo da saiwa zai mirgine ta samanta ya wuce abinsa. Tamu ma da farko janta ake yi, tana da ƙafafunta da igiyar da direba ke fizga in zai ɗaga ta. Baba ne ya kai ta wajen wani mai walda a cikin Kontagora aka cire ƙafafun, aka yi mata hannuwa uku don tarakta ta riƙa ɗaukarta a baya.

Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne a gonarmu ta hanyar Mashegu. Cike take da kaɗanya, kuma kowa ya san gona ta maza ce amma kaɗanya ta mata. Da ƙwarar kaɗen nan Inna take yin mai, da shi take yi wa kanta komai ba ta tambayi kowa ba. Shekara da shekaru ina zagaya itatuwan da garmar faifai, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ana gab da faɗuwar damina na tafi Auna da tarakta ɗaukar kayan wani, na yi kwana uku. Da na dawo sai na tarar da sabuwar garma mai kunne, ja zur, a gurbin tamu. Yaya ya gan ta a wajen baje kolin kayan noma, ta burge shi. Tsohuwar kuwa ya kira 'yan gwangwan sun ɗora ta a sikeli sun tafi da ita. Wai tana zubar mana da mutunci a ƙofar gida. 

Na ɗaura sabuwar don kada a ce na ƙi. Ko layi biyu ban gama ba ta cafki saiwar kaɗanya, tarakta ta yi tsalle, ɗaya daga cikin bakunan garmar ya lanƙwashe. Na miƙar, na sake shiga, noti ya tsinke. Yaya yana tsaye a inuwa da takalmin ofis, ya ce ai garma ba ta da laifi, itatuwan ne matsala, a sare su. Na ce ya ba ni mako guda in nemo tsohuwar. Ya ce in ruwa ya sauka ban kawo ba, masu zarto za su shiga.

Na ɗauka Inna za ta taka masa burki. Na manta ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta yi masa gardama. Da ya shigo gaishe ta sai ta juya kai ta amsa a taƙaice. Sai da ya fita ta kira ni ɗaki.

“Ka je ka nemo ƙarfen babanku,” ta ce. “Ni ba zan iya yi wa wancan magana ba.”

Na hau babur. A filin 'yan gwangwan suka ce gangar jikin ta bi babbar mota zuwa Kudu, faifan guda ukun kuma wani maƙeri ya saya. Maƙerin ya ce ya toshe hudojin ya yi musu hannu sun zama kaskon suya, mata sun saye a kasuwar Ibeto. Ban damu da gangar jiki ba, mai walda zai iya haɗa wata. Faifan nake so, don irin ƙarfensu ba a samunsa yanzu.

A Ibeto na sami ɗaya a kan murhu, wata Bakambara tana toya ƙosai a ciki. Mutuniyar kirki ce. Da ta ji labarina ta kwashe ƙosanta, ta juye mai, ta ce in ɗauka. Na kai wa wani tsohon maƙeri a bakin kasuwa. Ya buga shi da guduma, ya saurara, ya sake bugawa.

“Ɗana, wuta ta kashe shi,” ya ce. “In ka sa shi a ƙasa nan take zai naɗe.”

Na mayar wa matar kaskonta. Ban nemi sauran biyun ba.

Ina hanyar dawowa hadari ya haɗo. Kwana biyu bayan haka masu zarto suka shiga. Da suka gama kututturai suka rage, kuma sabuwar garma ba ta shiga sai an cire su. Babu wanda ya iya taraktar sai ni. Na yi rantsuwa ba zan hau ba, na kwana ɗaya a kan bakana, sannan na dubi maƙwabta sun yi shuka, gidanmu kuma da baki da yawa. Ni na ɗaura sarƙa, ni na tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne haushin da ya fi ci na, don ba Yaya kaɗai nake jin sa a kansa ba.

Masara ta yi kyau a shekarar, kuma Yaya bai gaji da faɗa wa mutane ba. Inna ba ta sake taka gonar ba. Da kaka ta yi, ta kira ni, ta miƙo mini wani ɗan kwano, ta ce in zan shiga kasuwa in sayo mata man kaɗe.