Hutun Dankali

Shekara talatin da ɗaya Noella Sirois ta yi tana dafa wa yaran makarantar Saint Firmin abinci, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin wanda ya kira ta da sunanta a cikin makarantar ba. Matante ake ce mata, wato gwaggo, tun daga 'yan ajin farko har shugaban makarantun gundumar, wanda shi ma ya ci daga ludayinta yana ɗan shekara shida da majina a hanci. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ga faɗa kamar me. Yaron da ya bar wake a faranti sai ya ji tarihin kakansa kaf kafin ya kai bakin ƙofa. Amma ba a taɓa jin ta hana kowa ƙari ba.

Gundumarmu ba wata babba ba ce: ƙauyuka uku ne da gonakin da ke tsakaninsu, a can ƙuryar arewacin jihar Maine ta Amurka, inda in ka tsaya bakin kogi kana hango shanyar mutanen Kanada. A da makarantu biyar gare mu. Yanzu gini ɗaya ya rage, da bas huɗu, da yaran da ba su cika ɗari biyu ba. In za a buga ƙwallon kwando da wata gunduma, sai an lallaɓa har wanda bai san inda kwandon yake ba don a cika benci. Abu ɗaya dai muka riƙe gam, muna tinƙaho da shi: hutun dankali. Makarantarmu kan buɗe tun tsakiyar Agusta, sauran ƙasa na barci, don a rufe ta mako uku a ƙarshen Satumba, yara su tafi gona a kwashe dankalin Turawa kafin sanyi ya daskarar da ƙasa.

Noella a cikin wannan hutu ta girma. Tana da shekara bakwai babanta ya yanka mata nata layin a gona, ya ba ta kwando. Injin tono ya wuce, dankali ya baje a ƙasa, kai kuma ka durƙusa ka tsince, ka juye a gangar katako, in ta cika ka soka takarda mai lambarka a baki. Da safe yatsu su ƙage don sanyi, da rana ƙura ta cika haƙora. Da abin da ta samu a kakar farko ta sayi jar rigar sanyi, kuma har ta tsufa in ta ba da labarin rigar nan sai ta shafa damtsenta. Ƙaninta Normand kuwa, da ta girme shi da shekara huɗu, a bayanta ya koyi tsinta. Rabin gangunan da ke ɗauke da lambarsa ita ta cika su, shi yana can yana jifan hankaki. Shi ya gaji gonar. Ya zama ƙato, ƙofa ma sai ya sunkuya, amma har gobe Ti-Norm take ce masa, wato ɗan ƙaramin Norm.

Zamani ya juya. Kwando da ganga suka koma ado a ƙofar gidaje, babban inji ya karɓi aikin. Injin dai bai san dutse daga dankali ba, ƙasarmu kuwa duwatsu ne da ita kamar an shuka, don haka dole a sami mutane a tsaye a kansa suna tsame duwatsu daga abin da bel ke kawowa. Nan 'yan manyan azuzuwa ke shigowa. A shekarar da nake ba da labari, yara goma sha huɗu ne kacal a duk gundumar suka yi aikin gona a hutun, shida daga ciki a kan injin Normand. Sauran ɗari da ɗoriya suna gida.

A lokacin Noella ta bar aiki da shekara biyu, gwiwa ta hana ta tsayuwar kicin. Zama bai karɓe ta ba, sai ta tsaya takarar kwamitin makarantun gunduma, ta ci ba hamayya, don wa zai ja da matar da ta san abin da ba ya ci? Kwamitin mutum biyar ne. Da aka kawo shawarar soke hutun, kowa ya san inda huɗu suka dosa: biyu manoma ne, biyu kuma iyaye masu aiki a gari, waɗanda duk shekara sai sun rasa inda za su ajiye yara mako uku. Saura Noella. Manoma ko damuwa ba su yi ba. 'Yar gidan Sirois ce, gonar ubanta ce ke buƙatar yaran, me ya rage? Aka yi ta neman a raba, a saki manya a riƙe ƙanana, shugaban makarantu ya ce da bas huɗu da malaman da kowannensu ke koyar da aji uku, kalanda ɗaya ce za ta yiwu.

Abin da ba wanda ya sani shi ne Noella ta daɗe da tsanar ranar Litinin ɗin da ake dawowa daga hutun. Malamai suna ganin yara sun manta lissafi. Ita abin da take gani daban ne. Akwai yaran da in suka dawo, ba sa magana a layi, ba sa ture juna, idonsu na kan tukunya. Su ci, su dawo, su sake dawowa. Wata shekara ta ga yarinya 'yar aji biyu tana cusa burodi cikin safa. Noella ta juya baya ta kama goge tukunyar da ta riga ta goge. Ba su da yawa, gida uku ne ko huɗu, wata shekara biyar, kuma gidajen kan canza. Amma ta san cewa ga waɗannan yaran karin safe da abincin rana na makaranta su ne abinci, kuma hutun da take so kamar ranta yana ɗauke musu shi kwana ashirin da ɗaya. Tun tuni ta saba ninka tukunya a wannan Litinin ba tare da ta gaya wa kowa dalili ba.

Ba zama ta yi ta naɗe hannu ba. Wata shekara da kaka, sai ta roƙi izini ta buɗe kicin a cikin hutun, ta sa aka sanar a coci cewa duk yaron da ke so ya zo. Kwana biyar tana dafawa, ba wanda ya leƙo sai mai shara. Bas ba ya yawo a hutu, wannan ɗaya. Na biyu kuma, mutanenmu ne. Mu nan mutum ya gwammace ya tauna igiyar takalminsa da a gan shi ya tura ɗansa cin abincin taimako. A layin makaranta kowa da farantinsa, ɗan mai gona da ɗan wanda aka sallama daga aiki, ba a gane kowa. Nan kaɗai abin ke ciyuwa.

Ranar Lahadi kafin taron yanke shawarar ta je cin abincin rana gidan Normand kamar kullum. Matarsa Jeannine ta yi farfesun kaza da ployes, fanken nan namu da ake shafa wa man shanu a naɗe. Normand na cikin nishaɗi, yana ta zagin mutanen gari da ba su san daga inda abincinsu ke fitowa ba.

"Ke dai ki je ki ɗaga hannun nan naki mai kama da ludayi, a wuce wurin," in ji shi.

"Ci abincinka, Ti-Norm. Bakinka cike kana wa'azi."

"Au, yau kuma ni ne mai wa'azi? Jeannine, ji tsohuwar da ta shekara talatin tana yi wa yara huɗuba a kan wake."

Aka yi dariya, har da ita. Sau biyu ta buɗe baki za ta gaya masa, sau biyu ta mayar. Ta san ƙaninta: zuciya gare shi mai kyau, amma cikinsa ba ya riƙe magana. Ta koma gida da maganar a cikinta.

An yi taron ranar Talata da yamma a zauren wasanni, don ɗakin kwamiti ba zai ɗauki jama'ar ba. Manoma suka zo da hulunansu a hannu. Wani dattijo ya ce a gona ya koyi tashi da wuri da cika alkawari, abin da babu littafin da ya koya masa. Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta ce mako ukun nan ne ke sa ta ji ita ma mutum ce a garin. Wata mai aiki a gidan kula da tsofaffi ta ce ita dai ta gaji da barin 'yar shekara tara tana renon ɗan shekara biyar. Duk gaskiya suka faɗa, abin da ya fi ba Noella haushi ke nan. Ta so a ce wani ya yi ƙarya ko rashin kunya, ta sami wanda za ta ji haushinsa.

Ta zo da niyyar yin bayani. Ta ma rubuta a bayan wata ambulan. Amma da ta ɗaga kai ta dubi benci, sai ta hango biyu daga cikin iyayen yaran nan masu dawowa da yunwa zaune a layi na uku, sun yi wanka sun sa kayansu na coci. A gari irin namu ba sai ka kama suna ba. Tana cewa akwai yaran da ke dawowa da yunwa, kawuna za su juya, kuma ta san inda za su juya. Ta ninke ambulan ta sa a jaka. Da ƙuri'a ta zo kanta, ana biyu da biyu, ta ce a soke. Shugaban kwamiti ya tambaye ta ko tana da abin ƙarawa, ta ce babu.

Normand ya miƙe ya sa hularsa ya fita, ko kallonta bai yi ba.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Aka ce tsufa ne, aka ce mutanen gari sun saye ta da daɗin baki, aka ce dama tun rabon gado take da ƙullin gonar a ranta, wanda ƙarya ce tsagwaronta. A coci mutanen da ta ciyar da 'ya'yansu suka koma gaishe ta da ka. Abincin Lahadi ya mutu. Jeannine kan bugo waya jefi-jefi, su yi maganar gwiwa da yanayi. Noella ba ta kare kanta wurin kowa ba, amma abin ya ci ta ƙwarai, har ta rame.

Ƙarshen Satumba ya zagayo, bas suna ta wucewa da yara ta gefen gonaki a karon farko tun da aka kafa gundumar. Normand ya nemi ma'aikata bai samu ba sai tsofaffi biyu da matarsa. Yaran kan zo bayan an tashi daga makaranta, awa biyu rana ta faɗi. Aiki ya yi ta jan ƙafa, ruwa ya tsare su kwana huɗu, sannan a mako na biyu na Oktoba sanyi ya sauka da ƙarfinsa. Eka goma sha takwas na gonar Normand ta arewa suka daskare a ƙasa.

Da ta ji, ta tuƙa mota ta tafi. Ta same shi tsaye a bakin gonar shi kaɗai, ya tono dankali ɗaya yana matsawa, ruwa na tsiyaya ta tsakanin yatsunsa. Bai kore ta ba, bai kuma yi mata sannu ba. Nan a tsaye ta gaya masa komai, Litinin ɗin, da tukunyar, da burodi a safa. Sunaye kawai ta riƙe.

Ya juyo ya dube ta. Sannan ya ce, "Shekara nawa kina ganin wannan?"

"Tun ban fara furfura ba."

"Kuma ki rasa wanda za ki gaya wa? Ni fa ƙaninki ne, Noella. Da kin faɗa mini, da buhu-buhu zan kai musu. Kaza ma da na kai."

"Na sani. Da ka cika motar nan taka mai sunanka a jiki, ka tsaya a ƙofar gidansu da rana tsaka, gari duk yana kallo."

Ya jefar da dankalin, ya goge hannu a wando. Can ya ce mata baɗi ba zai shuka gonar arewa ba, ya riga ya yi magana da wani babban manomi daga kudu da zai karɓe ta haya, wataƙila daga baya ya saya. A wannan gonar babansu ya fara yanka mata layi. Ta dafa motar.

"In aka sake kawo maganar," ya ce, yana kallon gonar ba ita ba, "me za ki ce?"

"Abin da na ce."

Ya gyaɗa kai a hankali. Suka tsaya nan su biyu, iska na kaɗa musu riguna, har bas ɗin ƙarfe uku ya zo ya wuce a kan titi cike da yara. Normand ya bi shi da kallo, taga bayan taga, tana ganin yadda yake duban fuskokin ɗaya bayan ɗaya.

"Daina," ta ce masa. "Ba za ka gane su ba. Sun ci abinci."