Ranar da Tarwadan Mama Suka Shiga Gari

Laifina ne, ni kaɗai, kuma har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da tarwada suka cika wani layi a Sabon Tasha saboda ganda irin tawa ba.

A lokacin ina aiki a wani shago a Gonin Gora, inda muke ƙera tankunan ruwa da faiba, wato zaren gilas. Mai shagon dattijo ne ɗan kudancin Kaduna, kowa Baba yake ce masa. Aikin ba wuya: ka shimfiɗa tabarmar zaren gilas, ka shafe ta da ruwan danƙon nan da muke kira rezin, sannan ka bi da rola kana dannawa har duk kumfar iskar da ta maƙale ta fita. Baba kullum faɗa yake, “Iskar da ka bari a ciki, rami ka gina wa kanka.” Ni kuwa gani nake tsufa ne kawai.

Sai wata mata 'yar cocinsu a Sabon Tasha, da muke kira Mama, ta sa a yi mata tankin kiwon tarwada. Baba ya tafi biki ƙauye ya bar min aikin. Ranar akwai ƙwallo ƙarfe huɗu. Na dubi rola, na dubi agogo, na ce ai kauri shi ne ƙarfi. Maimakon in danne iskar, sai na ƙara shimfiɗa ɗaya a kai. Da ya bushe na ga fararen tabo birjik a gindinsa, na lulluɓe su da shuɗin fenti. Tanki ya fito kamar ango.

Wata uku ruwa yana danna wurin, ramukan nan suna haɗewa. Wata Asabar da hantsi Mama ta kira, ko gaisuwa babu: “Baba, ka zo ka kama 'ya'yanka, sun shiga gari!”

Muka tarar gindin tanki ya tsage. Tarwada na ta wutsil-wutsil a tsakar gida, wasu sun bi kwata sun fita layi. Mata da robobi, mai keke ya faka yana kamu da hularsa, wani tela ya zame ya zauna daɓas a taɓo yana ihun “Na riƙe babbansu!” Har Mama sai da ta yi dariya. Amma da ta juyo ta ce, “Baba, saboda sunanka na ƙi zuwa wurin kowa,” sai na ga dattijon nan ya sunkuyar da kai. Ya ce mata laifinsa ne, zai yi mata sabo. Ni ko maimakon in amsa laifina, sai ma na shiga zagin masu sayar da rezin.

Da muka kai tankin shago, Baba ya ɗauki ɗan makulli yana ƙwanƙwasa jikinsa. Sama yana amsawa ƙal-ƙal, gindi kuwa buf-buf. Ya sa zarto ya yanko, ya miƙo min. Cikinsa huji-huji kamar burodi.

“Malam, wannan burodin wane gida ne?” in ji shi, yana murmushi.

Na yi dariyar yaƙe na wuce. Kwana biyu ina fama da kaina, don na gane ni ma fenti nake shafa wa ramina. Rana ta uku na roƙe shi ya raka ni gidan Mama. Na cire hula na durƙusa na ce, “Mama, hannun Baba bai taɓa tankin nan ba. Ni na ƙi bin sa da rola don in je kallon ƙwallo, na rufe da fenti, kuma na yi shiru aka zarge shi. Ku yafe min, ku duka biyun.”