Asalin Malam Hammadu Tela

A Gwammaja babu wanda bai san Malam Hammadu tela ba, mutumin da zai gaya maka shi Bafulatani ne tun kafin ya faɗi sunansa. Fulatancinsa bai wuce "jam" ba. Saniya kuwa, in ya hango ta a lungu, sai ya tuna yana da uzuri a wata hanyar. Amma kullum da safe, kafin ya hau keken ɗinki, sai ya leƙa shagon maƙwabcinsa Ari, Babarbare mai sayar da huluna, ya ce, "Bawana, an tashi lafiya?" Ari ya ce, "Lafiya lau, bawan kakana." Shekara ashirin suna wannan wasa na Fulani da Barebari.

Ranar sunan jikan Hammadu, gwaggonsa 'Yardada ta zo daga Ƙofar Dawanau. Tsohuwa ce tukuf, kunne ya yi nauyi, don haka ba ta san magana a hankali ba. Da aka gaya mata wasan Hammadu da Ari ake wa dariya a zaure, sai ta ɗaga murya daga tsakar gida.

"Hammadu, wa ya ce maka kai Bafulatani ne? Kakanka daga Borno ya zo da jakunan kanwa. Saniya ɗaya ya saya, 'yan unguwa suka laƙaba masa Arɗo don tsiya."

Hammadu ya mayar da cinyar kazar da ya ɗauka cikin kwano.

Washegari ya je wurin Ari jiki a sanyaye, ya ce ashe gida ɗaya suke. Ari ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ba ma karɓa. Fulani su riƙe kayansu." Fulanin unguwa kuma suka ce ai sun riga sun sallame shi.

Tajuddeen, Bayarabe mai gyaran babur, shi ya tausaya masa, ya ce akwai wuri a wajensu in zai koyi gaisuwar Yarbawa. Hammadu ya kwanta rub da ciki a gaban mahaifin Tajuddeen, tashi ya gagara, sai da mutum uku suka ɗago shi. Dattijon ya ce ya gode, za su yi shawara.

Daga nan Hammadu ya yanke cewa tunda bincike bai ƙare ba, kowa ma abokin wasansa ne. Banufe, Bakatsine, Bazazzagi, har ɗan Ibo mai kantin magani, duk wanda ya gifta ta ƙofar shagon sai ya sha tsokana, ɗinkin mutane kuma yana ta yin latti.

An koma wurin 'Yardada neman ƙarin bayani. Sai ta tambaya wane Hammadun ake nufi, don a danginsu akwai huɗu.