Wa Zai Ja Igiyar Kawu Mamman?

A makon nan Kawu Mamman ya cika shekara bakwai da rasuwa. Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, domin ban tabbata ni ne ya dace in yi wannan rubutu ba, kuma ban tabbata abin da zan faɗa zai yi wa kowa daɗi ba. Ƙanen mahaifiyata ne, manomi kuma maharbi a ƙauyenmu da ke gefen Ƙofa, a ƙasar Kusada. Bai riƙe sarauta ba, ko ta Sarkin Baka bai nema ba. Da za a tambayi mutanen yankin wane ne shi, ina jin yawancinsu za su ce, ai mutumin nan mai igiya.

Ga wanda bai sani ba, bari in ɗan yi bayani. Bindigar da maharbanmu ke riƙewa ƙirar maƙera ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wata takan yi shekaru lafiya lau, wata kuwa ranar farko take tsagewa a hannun mai ita, kuma ido kaɗai ba ya bambance su. Shi ya sa ƙungiyar maharban ƙauyenmu take da al'ada tun kafin a haife ni: ba wanda zai ɗora sabuwar bindiga a kafaɗa sai an gwada ta. Kowace Asabar da hantsi Kawu zai tafi gindin wata tsamiya a bayan gari. Zai ɗaure bindigar tam a jikin kututture, bakinta na kallon tudun ƙasa, ya ɗaura doguwar igiya a kunamar bindigar, ya kori kowa nesa, ya koma bayan wata tsohuwar katanga, ya ja. Sau uku yake yi wa kowace. In ta jure, ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, sannan ya miƙa wa mai ita. Tsofaffin bindigogi ma yakan sa a dawo da su kafin kaka, saboda tsatsa.

Ba a taɓa biyansa ba. Abin da ɗan ƙungiya ke bayarwa a lokacin tiya biyu ce ta gero bayan girbi. A tara, a kai kasuwar Kankia, a sayo albarushin gwaji. Wanda damina ba ta yi masa kyau ba, ya zo ya gyara rumfar taro ko ya share filin, an gama. Kuma ba a tambayar kowa daga ina yake. Mutane sukan zo daga Fakuwa da Sukuntuni da bindiga a nannaɗe cikin buhu, wasu da gero, wasu hannu biyu, Kawu ya gwada musu duka.

Shekarar da na gama jami'a na taɓa ce masa wannan tsari ba zai ɗore ba, ya kamata a yi rajista, a san wanda ya biya da wanda bai biya ba. Yana warwarar igiya ya ce, ko ɗagowa bai yi ba, “Digiri, ita bindigar ba ta san wanda ya biya ba.” Haka yake kirana, Digiri, har ya rasu. Mutanen da ke wurin suka yi dariya, ni ma na yi, amma a raina na ɗauka cewa tsoho ne kawai bai fahimci zamani ba.

Bayan rasuwarsa aka mai da ni magatakardan ƙungiya. Ni ba maharbi ba ne, malamin makaranta ne a Kankia, kuma ban taɓa harba bindiga ba. An zaɓe ni ne saboda na iya rubuta wasiƙa, kuma saboda ni ɗan 'yar'uwarsa ne. Na karɓa domin na ji nauyin in ƙi.

Ba na so in nuna kamar zamanin Kawu da namu ɗaya ne, don ba haka ba ne. Shi ya san bindiga a matsayin abin korar biri daga gonar masara da neman naman miya. Yanzu kuwa halin da ƙasa take ciki ya sa mutanen da ko zomo ba su taɓa bi ba suna sayar da tunkiya su je wurin maƙeri. Bindigogi sun yi yawa, albarushi ya yi tsada, hukuma kuma tana so a san ko wane ne ɗan ƙungiya, da katin shaida da hoto, wanda a ganina daidai ne. Sannan masu aikin sa kai sun ƙare. Mutum uku Kawu ya koya wa gwajin. Ɗaya ya tafi Kano neman abinci. Ɗaya ya ce Asabar ɗinsa ta gona ce, iyalinsa ba za su ci lada ba, kuma ban ga laifinsa ba. Saura Baba Ɗanjuma, abokin Kawu tun ƙuruciya, wanda idonsa ya fara rauni.

A nan ne na kawo shawarar da nake ganin ita ce mafita. Na ce a daina karɓar gero, a koma kuɗin rajista da kuɗin wata, don a samu abin da za a sallami mai gwaji da shi. Kuma don kada masu biya su ji an cuce su, na rubuta da hannuna cewa ba za a gwada bindigar kowa ba sai ɗan ƙungiyar da ya biya. Na karanta a gaban taro, aka amince. Har yau in na sake karantawa ba na ganin kuskure a cikin jimlar. Sai dai abin da ya biyo baya ban hango shi ba. Masu ƙaramin ƙarfi suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba tare da faɗa ba. Abin da ake tarawa bai taɓa isa a biya mai gwaji ba. Bindigogin kuwa ba su ragu ba, zuwa gindin tsamiya ne ya ragu.

Bara, ana gab da girbi, wani magidanci mai suna Sale ya zo daga Sukuntuni a kan keke, da bindiga a buhu da ƙullin gero a baya. Na tarar da shi yana jira tun kafin mu iso. Bayan mun gaisa ya ce gwaji ya kawo.

Na ce, “Malam Sale, kana da kati?”

Ya ce, “Wane kati, Malam? Ga dai tiyata biyu. Haka tsohona ya riƙa kawowa.”

Na yi masa bayani a tsanake, yadda nake yi wa ɗalibai. Na faɗa masa kuɗin. Ya ce sai ya sayar da wake tukuna. Baba Ɗanjuma daga kan tabarma ya ce, “Kai ɗan nan, bar shi mana, mutum ya taho tun daga can.” Na ce in na yi wa ɗaya dole in yi wa kowa, kuma ni aka ba amanar doka. Sale bai yi musu ba. Ya ɗaure kayansa, ya ce a gaida gida, ya hau kekensa.

Bai kai ga sayar da waken ba. Birai suka shigar masa gona, ya harba, bindigar ta tsage. Yatsu biyu ya rasa a hannun hagu.

Dole in yi adalci, har ga kaina. Ban sani ba ko gwajinmu zai gano aibin. Wataƙila da ta jure sau uku a kututture ta tsage a na huɗu. Na faɗa wa kaina wannan magana sau da yawa, kuma gaskiya ce, amma ba ta taɓa isata ba. Sai da na yi watanni kafin in iya zuwa duba shi. Na same shi a ƙofar gida yana koyon riƙe fartanya da abin da ya rage masa. Na fara kame-kamen ba da haƙuri, ya katse ni.

“Haba Malam, kai ka ƙera ta? Abin da Allah ya rubuta ne. Ko banza yanzu mai ɗakina ta daina sa ni ɓarar gyaɗa.” Ya yi dariya shi kaɗai. Can ya ce, “Sai dai ƙanena Lawal, shi ma ya sayo tasa wurin maƙerin da ya ƙera tawa. Na hana shi taɓa ta. Har yanzu Asabar ɗin ce?”

Na ce har yanzu. Ban faɗa masa cewa an yi wata biyu ba a je ba, domin Baba Ɗanjuma ba ya iya ganin ɗauri.

Na kai maganar gaban taro, na roƙi a soke dokar da ni na kawo. Ba a soke ba. Shugabanmu ya tambaye ni, in an buɗe wa kowa, wa zai sayi albarushi, kuma wa zai tsaya? Tambayar tana kan hanya. Na duba fuskokin da ke rumfar, kowa da gonarsa, kowa da gajiyarsa. Iyakar abin da suka yarda shi ne, in wani ya ga zai iya da aljihunsa da lokacinsa, ba wanda zai hana shi.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga wannan zamani. Ba na jin zai yi mana wa'azi. Ba na ma jin zai san yadda za a yi da tsadar kaya, don shi ma ba mai hali ba ne. Mai yiwuwa zai tsorata da yawan bindigogin da ke hannun waɗanda ba su san su ba. Abin da nake da ɗan tabbaci a kai kawai shi ne, ba zai jira taro ya amince ba.

Asabar ɗin da ta wuce na ɗauko Baba Ɗanjuma a babur, na zaunar da shi bayan katanga. Lawal ya zo da bindigarsa, sabuwa fil, ya goge ta da mai tana sheƙi. Baba yana faɗa ina yi. Sau huɗu ya sa na kwance ɗaurin, yana lalubawa da hannu yana cewa, “Wannan ɗaurin akuya ne, sake.” Na koma bayan katanga, na ja igiyar. A karo na farko ta tashi lafiya. A na biyu ƙarar ta bambanta, ko ni na ji. Da hayaƙi ya lafa muka tarar ta buɗe a gefe, daidai inda hannun hagu yake kamawa.

Na yi zaton Lawal zai yi hamdala. Ya tsaya yana kallonta, sannan ya juyo kaina.

“Kun cika mata albarushi ne! Rago na sayar na saye ta. Wa zai biya ni?”

Na ce ya dubi hannun yayansa. Ya ce hannun yayansa daban, ragonsa daban, kuma malamin makaranta me ya sani game da bindiga. Ya tattara ƙarafan a buhu ya tafi, ko sallama babu. Na zauna a ƙasa, ina jin kamar in ce shi ke nan, na yi iyakar ƙoƙarina. Sai na ji Baba Ɗanjuma yana dariya ƙasa-ƙasa.

Na ce, “Baba, abin dariya ne?”

Ya ce, “Kai kana tsammanin Mamman godiya aka riƙa yi mashi? Wanda tasa ta jure, cewa yake dama lafiyarta ƙalau, an ɓata mashi safiya. Wanda tasa ta hwashe, zagi. Akwai wanda ya yi shekara biyar bai gaishe shi ba, da yatsunsa goma cif.”

Ban san wannan ba. Shekara bakwai ina tuna Kawu a matsayin mutumin da gari ke girmamawa, ina auna kaina da shi ina ganin gazawata. Ashe abin da ya bari bai kai haka kyan gani ba, kuma ya fi haka nauyi: safiyar Asabar da ba ta dawowa, da fushin mutanen da suka koma gida da hannuwansu lafiya. Ba gini ya bari ba, ba suna a takarda ba. In akwai abin da ya rage nasa, yana jikin dattawan da ke riƙe fartanya a Fakuwa da Ƙofa da Sukuntuni, waɗanda yawancinsu ba su san an taɓa yi musu komai ba.

Ban san Asabar nawa zan iya ba. Albashina ba zai ɗauki albarushin kowa ba, Baba yana ƙara tsufa, ni kuma har yanzu gabana faɗuwa yake in na ji ƙarar. Ba zan yi alkawarin da ba ni da tabbacin cikawa ba. Allah ya jiƙan Kawu Mamman, ya haskaka makwancinsa, ya biya shi abin da mu ba mu biya shi ba. An aiko mini cewa mutum biyu za su zo daga Fakuwa ranar Asabar mai zuwa, kuma ba su da kati. Na ce su zo da wuri, kafin rana ta yi zafi.