Sun Ce Bakina Ne Ya Kira Ruwan

'Ya ɗaya na haifa. Tana raye. Tana Alajo, ni ina Nima. Tafiyar ƙafa ce tsakaninmu. Ba ta zuwa, ni ma na daina zuwa.

Ni ba haihuwar Accra ba ce. Daga ƙasar Nijar na zo, a shekarun da fari ya cinye mana komai. Na ga rijiyar garinmu ta koma rami. Na ga saniya ta durƙusa a ƙofar gida ta kasa tashi. Babana ya shuka gero ya ƙone, ya sake shuka irin da ya rage, shi ma ya ƙone. Yayana yana dakon albasa a kasuwar Agbogbloshie, shi ya aika aka taho da ni a motar kaya, a saman buhuna. Na kafa tukunyar koko da kaskon ƙosai a bakin titin Nima. Sana'ata ke nan har yau.

A nan na auri wani tela, haifaffen Zango. Uwarsa wata ƙabila, ubansa wata, Hausa ce kawai ta haɗa gidansu. Ba mugu ba ne a lokacin. Yana da yaya mace, babba, mai sayar da atamfa a kasuwar Makola. Ta yi aure ta fito, ba ta taɓa haihuwa ba. Ita ke yanke magana a gidan.

Da na haihu, mace ce, suka sa mata sunan uwarsu da ta rasu. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari. Ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta yabonta. Kunya ce. Uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, kuma da yunwa ta zo shi ta fara miƙa wa rabonta. Ga shi kuma sunan surukata ne, wanda ko ba 'yar fari ba ba zai shiga bakina ba. Sai na riƙa ce mata ke 'yar nan. Yayar mijina ta yi ta dariya. Ta ce mutanen daji da abin mamaki suke, a haifi yaro a rasa bakin kiransa. Ita kuwa tana ɗaga yarinyar sama tana rera sunan kamar waƙa. Ban damu ba. Ni ke ba da nono.

Maganar ruwa ta fara ne tun yarinyar tana goye. Mai koko tana sanin shekara ta wurin gero. Direbobin da ke sauke kaya daga arewa suna tsayawa wurina da safe, suna ba da labari. Damina ta yi latti. Ta zo ta ɗauke ana tsakiyar noma. Kogin da suke jira ya sauka kafin su tsallaka, yanzu yara ke wasa a cikinsa. Ni ma ina gani a tukunyata. Gasarar da nake ajiyewa ta kwana lafiya, sai ta fara tsami tun kafin la'asar saboda zafi. Na duba sama wata shekara, na ga farin nan da na sani, wanda ba hadari a bayansa. Na ce wa mijina mu sayi gero mu ajiye, abin da ya kore ni daga gida ya biyo ni. Ya ce nan bakin teku ne, ba hamadarku ba. Tsofaffin da ke zama a benci ƙofar masallaci suka ji, suka ce ruwa na Allah ne, mace ba ta da abin cewa a kai.

Shekarar ce aka yi yunwa. Daji ya ci wuta, abinci ya ɓace a kasuwa, ga mutanen da aka koro daga Najeriya sun cika ɗakuna. An yi layi a kan dunƙulen kenke, tuwon masarar nan ƙasar, tun yana ɗanye. Ba wanda ya ce na faɗi gaskiya. Abin da aka ce shi ne, matar tela ta faɗa kuma ya faru. Yayar mijina ce ta fara furta kalmar. Baƙin baki.

Bayan yunwa ɗinki ya ɗan buɗe masa, ya sami ɗaki da rumfa a Alajo, dab da babbar kwata. Na je na gani. Na ga layin laka a jikin bangon maƙwabta. Na tambayi wata tsohuwa a gidan, ta ce da ruwa ba ya wuce bakin kwatar, 'yan shekarun nan ne yake leƙo su. Na ce masa ruwan yanzu ba irin na da ba ne. Ya ƙi zuwa, ya ƙi zuwa, sai ya zo gaba ɗaya a yini guda. Na ce wurin nan zai ci mu. Ya ce in rufe masa baki.

Damina ta farko ruwa ya shiga rumfar. Ya jiƙa yadunan mutane, har da kayan wata amarya. Keken ɗinki ya sha laka. Yayarsa ta zo ta tsaya a tsakar gida, ta ce ai ga shi nan, an auro masifa daga hamada, duk abin da ta ambata sai ya sauka. Bai kai wata ba ya sake ni. Yarinyar ta isa shiga makaranta lokacin. Suka ce 'ya ta uba ce. Na je wurin dattawan unguwa, suka ce haka ne, in yi haƙuri, ai ba nisa, zan riƙa ganinta. Na ɗauki tukunyata na koma Nima.

Da farko ina ganinta. Ina rufe koko a kwano da ƙosai a ganye, in tsaya a bakin hanyar makarantarsu. Tana hango ni ta rugo ta rungume ƙafata. Ni kuwa ga mutane, sai in ce ke 'yar nan, karɓi, yi maza. Haka aka koya mini. Ina tsayawa sai ta sha kwana, sannan in tafi.

Sannu a hankali gudun ya zama tafiya. Tafiyar ta zama tsayuwa daga nesa. Wata rana ta ce gwaggo ta ce kada ta ci abin hannuna. Na ce to. Washegari na sake kawowa. Wata maƙwabciyarsu da ke sayen koko wurina ce ta gaya mini abin da ake zuba mata a kunne. Wai ta taɓa jin uwarta ta kira sunanta? Wai uwar da ke son 'yarta tana jin ƙyamar sunanta? Wai bakin da ya kira yunwa ya kira ruwa, gara ma da bai kama sunan ba. Sun haɗa biyun sun yi igiya ɗaya. In na yi shiru ba na sonta. In na yi magana zan cuce ta.

Uban dai ɗinki yake. Idan na je gidan sai ya ce ta tafi Makola da gwaggonta, alhali ga takalminta a ƙofa. Da salla na kai mata atamfa, aka dawo mini da ita a ninke yadda na kai.

Akwai ranar da ba na mantawa. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, na tare ta a hanya, ta fara zama budurwa lokacin. Na ce ke 'yar nan, in ruwan nan ya sauko kada ki bi ta katakon da aka gitta a kan kwata, ki zaga ta titi. Ta toshe kunnuwanta da yatsu. Ta dube ni ido cikin ido ta ce:

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi."

Ba maganar yarinya ba ce. Na san bakin da ta fito. Ƙawayenta suka yi dariya suka ja ta. Na tsaya da kwano a hannu har kokon ya huce. Daga ranar ban sake tare ta ba.

Shekaru suka yi ta tafiya. Zafi ya ƙaru har mutane suka koma fitar da tabarma waje. Itatuwan da na tarar a Nima aka sare su aka yi ɗakuna. Ruwa kuwa kowace damina sai ya ɗara na bara. Abin da mutanen Alajo da na bakin kwatar Nima ke yi shi ne, in damina ta wuce a kira magini ya ƙara jerin bulo a dokin ƙofa. Bana jeri ɗaya, baɗi wani. Har ya zama sai ka ɗaga ƙafa ka hau, sannan ka sauka cikin ɗakinka kamar mai shiga rijiya. Tsofaffi suna dafa bango kafin su tsallaka. Kuma mutumin da ya biya maginin, shi ne zai zauna a benci ya ce babu abin da ya canza, tun zamanin kakanni haka ruwa yake. Wani ya ce shara ce kawai ta toshe kwata. Shara ta toshe, gaskiya ne. Amma shara ba ta hana damina zuwa arewa, ba ta sa gasara tsami. Na daina faɗa. Direbobi suna ba da labarinsu, ina zuba musu koko.

An yi mata aure ban sani ba sai da aka gama. Gwaggon ce ta zauna a matsayin uwa. Mijin ɗan layinsu ne, suka kama ɗaki a tsallaken kwatar, inda ake bi ta kan katako. Ta haihu, namiji. A bakin masu sayen koko na ji.

Sai babban ruwan nan na tsakiyar shekarun casa'in. Tun asuba yake zuba, ban ma hura wuta ba. Da hantsi wani mai tura baro ya ce Alajo ta nutse. Na ɗaura zane na fita. Na isa na tarar da mutane cunkushe a kan tudun titi, wasu a kan rufin kwano. Ruwa ja, yana tafe da robobi da kujeru da mushen akuya. Ba a gane inda hanya ta ƙare kwata ta fara. Ina tsaye a wurin sai katakon ya ɗago, ya juya, ruwa ya tafi da shi. Duk wanda ke kan tudun ya gani. Waɗanda ke fitowa daga lungun tsallake ba su gani ba.

Sai ga ta. Ruwa har ƙugu, ƙunshin kaya a ka, yaro a baya an ɗaure shi sama-sama. Tana lalubar ƙasa da ƙafa, ta nufi inda ta san katakon yake. Mutane suna ta ihu, kowa da yarensa, ihun ya zama ɗaya da ƙarar ruwa. Na ce ke 'yar nan. Ba ta ji ba. Mata nawa ne a cikin ruwan, kowacce 'yar nan ce. Na sake faɗa. Tana ta matsowa.

Sai na kira sunan. Da dukan ƙarfina. Ban san yadda zai fito ba, don ban taɓa gwada shi ba ko ni kaɗai. Ya fito daidai.

Ta tsaya cak. Ta ɗago kai. Na nuna mata da hannu biyu ta koma, babu katako. Wasu samari suka jefa igiya ta can sama inda ruwan bai da zurfi, suka zagayo da ita da sauran matan.

Ta hau tudun tana rawar sanyi. Na kwance mayafina na nufe ta. Ban taɓa ganin fuskar yaron ba. Gwaggon tana wurin, ta tsufa, an zaunar da ita a kan buhun wani. Ta ce a gaban kowa, kun ji ko, tana zuwa katako ya tafi. Wata mata ta ce haba Hajiya, ai ita ta cece ta. 

'Yata ta juyo da yaron gabanta, ta rufe masa kunne da tafin hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kada ki sake sa sunana a bakinki."

Na ce, "Katakon ne babu."

"Na ji. Ki tafi."

Na ajiye mayafin a kan ƙunshin kayanta na juya. Ban sani ba ko ta ɗauka.

An rasa mutane a ruwan nan. An yi zaman makoki, an ce ƙaddara ce, an ce ba a taɓa ganin irinsa ba kuma ba za a sake ba. Da ƙasa ta bushe na bi ta titin na hango uban a ƙofar rumfarsa, gemu ya yi fari, yana riƙe wa magini bokitin siminti. Ana ƙara jeri.

Yanzu rediyo ta sa wa abin suna, sauyin yanayi. Masu benci sun ce zancen Turawa ne. Ni ba ruwana da sunan da aka sa masa. Sunan da ya dame ni na kira shi sau ɗaya, ya yi aikinsa, na mayar da shi inda yake.

Har yanzu tana ɗakin nan na tsallaken kwata. An ce dokin ƙofarta ya kai cinya. In hadari ya haɗu ta gabas, ina rufe tukunya in zauna ina kallonsa, bakina a rufe.