Kofunan Tomie

Shekara arba'in da ɗaya Shigeo Kuramoto ya yi yana walda a wurin ƙera jiragen ruwa na garin Onomichi, kuma har ya ajiye aiki ba a taɓa kama shi da karkataccen ƙarfe ba. Mutum ne da in ya shiga gidanka ya ga hoto ya jirkice a bango, ba zai kurɓi shayinka ba sai ya tashi ya gyara shi. Amma miƙa masa kifi ɗaya ya gasa, nan za ka ga abin tausayi.

Gashi aikin matarsa Tomie ne. Duk kaka, da kifin sanma ya shigo kasuwa, sai ta fitar da dogon murhunta na yumɓu bayan gida ta hura gawayi. Shi kuwa gogan yana ciki da jarida, iyakarsa ya ɗaga murya ya tambaya ko bai gasu ba ne. Bara war haka ta rasu a asibiti, tana ta kwaɗayin sanma amma maƙogwaro ya ƙi. Tun daga nan gidan ya yi masa faɗi. Yakan wuni bai ji muryar kowa ba sai ta rediyo.

Saura kwana shida ta cika shekara, ya ƙudura sai ya ajiye mata sanma a gaban hotonta, gasasshe irin nata. 'Yarsu da ke aure a Osaka ta ce a waya ya sayi na kanti ya huta. Ya ce a'a, ya kife wayar.

Kifin farko ya ƙone ƙurmus. Kitse ya ɗiga kan garwashi, wuta ta tashi ta lashe shi. Shigeo ya ce ragar wayar da ake gasa kifin a kai ce ta yi kusa da wuta, wannan kuwa matsalar ƙarfe ce, an zo gidansa. Ya jawo kayan aikinsa da suka fara tsatsa, ya yanka sanduna huɗu tsayi ɗaya cif, ya liƙa wa ragar ƙafafu. Kwana biyu yana gogewa yana aunawa, har da ɗora ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a tsakiya. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Ya ɗora kifi, kitse ya ɗiga, wuta ta sake tashi. Haka ya yi asarar kifi bakwai, kyanwar unguwa ma ta shinshina ta wuce.

Hayaƙin ne ya fito da maƙwabciyarsa Fusa, tsohuwa 'yar tamanin da bakinta ba ya ajiye magana. Ta leƙo ta saman shinge tana tari.

"Shigeo, kifin kake gasawa ko unguwar za ka ƙona mana?"

Ya nuna mata ragar, yana jiran yabo. Ta kalla ta yi tsaki.

"Wannan ai gadon sarki ka ƙera. Ina kofunan Tomie?"

Abin ya ɗaure masa kai. Waɗanne kofuna?

Fusa ta ce kofunan shayin aurensu mana, irin biyun nan da ake ba ma'aurata, na miji babba, na mata ƙarami. Tun da bakinsu ya ɓantale Tomie take kife su a kan bakin murhu, ɗaya nan ɗaya can, ta ɗora raga a kai. Gefe ɗaya ya fi tsayi, sai kitsen ya bi waya ya gangara can ƙarshe, ba ya taɓa garwashi.

"Shekara arba'in tana tsugune a nan," in ji Fusa, "ko sau ɗaya ba ka fito ka gani ba?"

Kunya ta rufe shi, ya shiga neman kofunan.

Ya same su ƙarƙashin dakalin bayan gida, cikin wani gwangwani tare da maficinta. Nasa, babban, toka ce kawai ta ɗan ɓata shi, hannu ɗaya ya share ta. Nata kuwa ya yi baƙi ƙirin. Maiƙon shekara da shekaru ya daskare a jikinsa, zubi kan zubi, har furen da aka zana bai ganuwa. Duk abin da ya yi zafi, ta wajenta ya gangara.

Ya zauna a ƙasa da kofunan a hannu har ƙafarsa ta yi tsami. Daga baya ya jera su, ya auna bambancin, bai kai faɗin yatsa ba. Ya ɗauko zarto ya rage ƙafa biyu na ragarsa daidai haka. Shi ne karkataccen aiki na farko da ya yi da gangan.

Ranar cikar shekarar ya tsuguna inda take tsugunawa, hayaƙi na shigar masa ido, yana fifita. Kifin ya fito fatarsa ta yi ja, tana ƙyalli. Ya kai shi gaban hoton da shinkafa, ya kunna turare. Ya zuba shayi a babban kofin ya ajiye mata, shi ya riƙe baƙin.

"Tomie," ya ce, "ga shi, ya gasu. Yau ni na kawo."